Mawaƙin da bai wasa kowa ba

"Ya gama ke nan?" in ji Baba Sale direba. Muna ɗakinmu a unguwar Najma, mun yi cincirindo kan wayata muna kallon gasar waƙa ta Birtaniya.

Na ce, "Ya gama, Baba."

"Bai ambaci sunan alƙali ko ɗaya ba! Yaron nan in ya tsallake, ni zan wanke tukunyar yau."

Ya tsallake kuwa, har alƙalan suka miƙe suna tafi.

Yanzu haka Baba na tsugune yana kankare ƙanzo, ya juya waƙar zuwa Hausa, ya wasa kowa a ɗakin ban da ni. Wai wayata ce ta ja masa.

Jama'a, wa zai roƙar mini ko baiti ɗaya?