Kawu Iliya da Kududdufin Balbelu

Duk wanda ya san Kawu Iliya ya san ba ya amsa gaisuwar ɗan Adam da safe sai ya gama gaida balbelu. Kana cewa, "Kawu, an tashi lafiya?" zai ɗaga maka hannu: "Tsaya, manya tukuna!" Tsohon maigadin wani kamfanin jima ne a Challawa, kuma shugaban ƙungiyar tsofaffi bakwai masu kula da kududdufin bayan kamfanin. Burinsa ɗaya ne, kada a cike ruwan nan a kafa sito.

Wata shekara aka ce ana raba tallafi ga irin ƙungiyarsu. Ni ɗan ƙanwarsa, da yake ni akawu ne, ni na cike masa fom. Na ce, "Kawu, suna son adireshin ofis." Ya ce, "Rubuta gindin gawo." Na ce, "Masu amfana fa?" Ya ce, "Ƙirga balbelu, ka haɗa da kwaɗi." Ba mu samu ba. Wani Alhaji mai ofis a Bompai ne ya samu, mutumin da bai iya bambanta zalɓe da agwagwa ba.

Kai, ranar da su Alhaji suka zo duba aiki! Motoci uku. Suka sauke dashen itace guda ɗaya, kowa ya dafa, aka ɗauki hoto, aka mayar da shi but ɗin mota. Kawu ya bi su yana kira: "Alhaji, ku ba shi ruwa mana, tun safe yake yawon aiki!"

Don a rufe masa baki aka aiko masa da allon lambar yabo, katako mai sheƙi. Washegari na tarar ya toshe bututun da ke zubo baƙin ruwan kamfani da shi, ya yaɓe da laka.

"Kawu, lambar yabon ce fa!"

"To ai yau ta kama aiki."

Mun sha dariya, muna kiransa mahaukacin tsuntsaye. Ashe zaman da yake yi a bakin ruwan, yana rigima da duk mai igiyar awo, shi ke tsare wurin. Da ya rasu, ko sadakar bakwai ɗinsa ba a yi ba tipa ta fara juye ƙasa a kududdufin. Ina tsaye ina kallo, kuma har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe mana dariyar da muka yi masa, Ya sauke shi a bakin ƙoramar da babu mai cike ta. Amin.