Ƙawar Kaka Ba'indiya

Ranar Asabar na shiga wani shagon Indiyawa a titin Gate City Boulevard neman tsamiya, sai ƙamshin turaren tsinke ya tare ni a bakin ƙofa. Na tsaya da kwando a hannu har na manta abin da ya kawo ni. Bari in gaya maka dalili.

Shekarata tara lokacin da Kaka, mahaifiyar Baba, ta taso daga Zariya ta zo nan garin Greensboro rainon ƙanena. A lokacin High Point Road ake ce wa titin da shagon yake, muna haya a wani bene da ke bayansa. Baba yana karatun digiri na uku, Mama tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Kaka ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba. Matar da tsakar gidanta a Zariya ba ya rabo da jama'a, sai ga ta tana wuni a bakin taga tana kallon motoci. Ga ciwon gwiwa ya hana ta sujada, a kan kujera take sallah, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Wata safiya bayan sanyi ya wuce, lokacin da garin furanni ke rufe motoci da ruwan ɗorawa, ta kira ni taga. Wata tsohuwa ce a kan ciyawa da 'yar shimfiɗarta, tana ɗaga hannuwa, ta sunkuya, ta kai goshi ƙasa.

"Baiwar Allah nan Musulma ce, ba ta samu mai koya mata ba ne," in ji Kaka. "Dubi, kai ba lulluɓi, alƙibla kuma a karkace."

Ta ɗauki mayafinta mai kyau, ta sa ni gaba muka sauka tana dafa bango. Ba ta tsaya wani bayani ba, ta yafa wa matar mayafin, ta kama kafaɗunta ta juya ta wajen alƙibla. Kunya kamar in nutse. Ita kuwa tsohuwar dariya ta yi har da riƙe ciki. Da guntun Turancinta ta gaya mini ba sallah take yi ba, yoga ce, motsa jiki irin nasu, daga Indiya ta zo wajen ɗanta, suna hawan ƙasa. Na fassara wa Kaka. Sai ta nuna gwiwoyin matar. "Tambaye ta yadda aka yi nata suke lanƙwasuwa."

Daga ranar kullum da hantsi suna tare a ɗakin tsohuwar mai ƙamshin turare. Anti, kamar yadda nake kiranta, ta koya wa Kaka miƙe ƙafa a hankali da jan numfashi ta hanci. Kaka ta gindaya sharaɗinta: ba za ta rusuna wa rana ba, ba za ta kuma furta kalmar da ba ta sani ba. Anti ta yarda. In tana nata karatun, Kaka tana salati. Wata rana Anti ta ce in gaya wa Kaka cewa a koyarwarsu ran da ke cikin kowa guda ɗaya ne, jiki riga ce kawai. Kaka ta taɓe baki ta ce ba haka aka koya mata ba, amma ta miƙa mata ƙosai. Kafin ganyaye su yi ja, Kaka ta kai goshinta ƙasa. Na gan ta ta daɗe a sujadar, ta ɗago fuska jiƙe da hawaye.

Baba bai so abin ba, ya ce akwai shirka a ciki, sai dai uwa ce, ba shi da ta cewa. Ɗan Anti ne ya fi ƙarfinmu. Duk Lahadi yana zuwa wani fili inda maza ke jeruwa sahu-sahu gaban tuta mai ruwan lemo, suna yin yogar da umarni irin na fareti. Mahaifin Anti ya sha ɗauri a hannun Turawa lokacin neman 'yancin ƙasarsu, a kurkukun ma yoga ce ta riƙe shi. Ita ta kan ba da labarin don a ga haƙuri. Ɗan kuwa a wajensa labarin yana nufin yoga gadon Hindu ce, da ita za a gina ƙasarsu, Musulmi ba su da rabo a ciki.

Wata rana ɗan nata ya tare ni a matakala na dawo daga makaranta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in gaya wa kakata kada ta ƙara shiga gidansu. Na hau sama, na tarar Kaka ta ɗaura ɗankwali tana shirin sauka. Na kasa faɗa mata. Na ce mata Anti ta yi tafiya.

Kwana huɗu Anti tana fitowa ciyawa tana ɗaga kai sama, ni kuma ina ƙirƙiro dalilin sauke labule. A ƙarshen makon suka tashi suka koma unguwar Sedgefield. Kaka ta koma bakin taga. Kullum na dawo sai ta ce, "Ke 'yar nan, ta dawo?"

Yanzu yoga ta cika garin nan, har a wurin aikinmu ana yi da rana, ba mai tambayar addinin wani. Baba ma da bayansa ya matsa masa, ita likita ya rubuta masa, yana yi a falo ba musu. Kaka ta koma Zariya bayan shekara biyu, tana sujadarta har ƙarshen rayuwarta. Ni kaɗai na san abin da aka faɗa a matakalar nan, kuma har yau yana damuna. Wayarmu ta ƙarshe, muryarta ta yi ƙasa sosai, ta tambayi ƙanena, ta tambayi karatuna, sannan ta ce in ƙawarta ta dawo in gaishe ta. Na ce to, Kaka, zan gaya mata.