Launin da Na Goge a Piyanon 'Yata

Ko da zan manta ranar da aka rufe masaƙar da na yi wa aiki shekara ashirin da ɗoriya, ba zan taɓa manta wata Laraba da na yi wa 'yata alheri ba. Na ce alheri don da wannan niyyar na tashi, kuma har gobe in na ba wani labarin a taƙaice, cewa zai yi ban yi laifi ba. Ni dai na san abin da na yi.

Ni mai haɗa rini ne a Kakuri. Aikina shi ne a miƙo mini ɗan ƙyalle a ce ga launin da ake so, in auna, in gauraya, har yadin da zai fito daga inji ya zama ba ka iya bambanta shi da samfurin. A wurina launi iri biyu ne kawai, wanda ya dace da samfuri da wanda ya ɓaci. Da irin wannan kan na yi aiki, da shi kuma na riƙe gidana a Makera. Duk abin da na ga ya karkace sai na miƙe shi, ko an sa ni ko ba a sa ni ba.

Da aka rufe masaƙar, aka yi gwanjon tarkacen kulob ɗin ma'aikata. Wasu suka kwashi kujeru, wasu fanka. Matata, wadda ke waƙa a zumuntar mata a coci, ta kafe sai tsohon piyanon da ke kwance cikin ƙura a lungu. Ƙarti shida suka sauke shi daga a-kori-kura, maƙwabta na ta dariya wai na sayo akwatin gawa mai haƙora.

Autarmu tana da shekara biyar a lokacin. Ta hau kujera ta danna maɓalli ɗaya, ta ce, "Baba, wannan kore ne." Ta danna na kusa da shi ta ce shuɗi. Na duba, na ga fari da baƙi kawai. Na yi dariya na ce wa uwarta, ji yarinya za ta koya wa mai rini launi. Uwar ba ta yi dariya ba. Washegari ta sayo mata fensir masu launi.

Daga baya wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyar da kiɗa, mazauniyar Unguwar Boro, ta fara zuwa gidanmu duk Asabar. Malama muke ce mata. Ita ta koya wa yarinyar karanta rubutun kiɗa da dogayen kaɗe-kaɗen Turawan da, masu sa yatsu gudu. Ita ce kuma ta kwantar mana da hankali cewa ba ciwo ba ne, ba kuma iska ba. Ta ce akwai mutanen da Allah ya haɗa musu kunne da ido, in sun ji sauti sai su ga launi. Na gyaɗa kai don ladabi, amma a raina na ɗauke shi shirmen yara da zai wuce. Wata rana na ji Malama tana cewa, "Piyanon nan ya saki, wayoyinsa sun yi sanyi, amma ku bar mata shi haka tukuna." Rabin farko na maganar ne kawai ya zauna mini a kai.

Ya kamata in lura da wani abu. In aka zaunar da yarinyar a kan na'urar kiɗan coci mai amfani da lantarki, tana kaɗa waƙoƙin sujada daidai, amma kanta a sunkuye, ta dawo gida da ciwon kai. Takan ce launukan can duk sun goce daga wurinsu. Abin da ta tsara da kanta kuwa, a piyanon gida kawai take kaɗa shi.

Tana shekara goma sha biyar uwarta ta rasu. Ba ta yi kuka sosai ba, magana ce ta ɗauke mata. Ta shafe kusan shekara biyu tana tsara kiɗa guda ɗaya, tana rubuta shi a littafi da fensir masu launi, layi-layi kamar saƙa. Ba ta yarda kowa ya ɗauke shi a waya ba, wai sai ta gama. Akwai wani maɓalli a wajen tsakiya da kiɗan ke ta komawa kansa, ya yi yawo ya dawo, ya sake tafiya ya dawo. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Muryar Mama ce, Baba, in tana kirana daga kicin. Launin sabuwar tukunyar ƙasa." Na ce to, na ci gaba da sauraron rediyona.

Sai Malama ta zo da labarin wata makarantar kiɗa a ƙasar waje da ke ɗaukar matasa masu tsara kiɗa, ta koyar da su kyauta. Abin da ake so shi ne bidiyon mutum yana kaɗa abin da ya tsara da hannunsa. Akwai iyakar shekaru, kuma wannan ce shekarar ƙarshe da 'yata za ta iya shiga. Ranar Asabar za a rufe karɓa. Suka tsayar da Juma'a don ɗaukar bidiyon a falonmu.

Nan ne girman kaina ya motsa. Na ce yaya za a yi masana su saurari 'yata a kan piyanon da ya saki, su yi mana dariya? Ban yi shawara da kowa ba, don so nake in ba ta mamaki. Na bi ta hannun wani abokina na samo mai saita piyano daga Jos. Ya iso ranar Laraba da safe, bayan yarinyar ta fita da Malama neman wasu takardu.

Mutumin ya buɗe bayan piyanon, ya buga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a gwiwarsa, ya kara a kunne, ya danna maɓalli, ya girgiza kai. Ya ce, "Oga, wannan ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Mai kaɗa shi ta san zan yi aikin nan?"

Na ce, "Ni ne mai shi. Yi aikinka."

Awa biyar ya yi yana ɗaure wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka tsinke ya sa sababbi. Da ya gama ya kaɗa wata waƙar coci, sautin ya fito tar, har ni da ban san kiɗa ba na ji bambanci. Na raka shi bakin titi ina jin kaina uba na gari.

Da la'asar ta dawo. Na ce, "Auta, zauna ki ji wani abu." Ta ajiye jaka tana murmushi, ta ɗora hannu ta fara kiɗan uwarta. Ba ta yi nisa ba ta janye yatsunta kamar ta taɓa murhu. Ta sake dannawa. Sai ta bi maɓallan da yatsa ɗaya, daga ƙasa har sama, daga sama har ƙasa, a hankali, idonta a kan bango. Ta dawo tsakiya ta tsaya a kan biyu, tana danna wannan tana danna wancan.

"Baba, ina muryar Mama take?"

Na ce gyara aka yi, yanzu ne ya zama daidai.

"Wannan ya yi haske, wannan ya yi duhu," in ji ta. "Tana tsakaninsu. Kuma babu komai a tsakaninsu."

A lokacin ne, bayan shekara goma sha biyu, na yarda cewa yarinyar nan da gaske take gani. Na kira mutumin Jos a waya na ce ya juyo ya mayar da shi yadda yake, ko nawa ne. Ya ce, "Oga, sassautawa ba wuya. Amma kowace waya ta saki ne daidai nata, cikin shekaru. Wa ya auna? Da me zan gwada?" Ni da ban taɓa zubar da rini ba sai na ajiye samfuri, ranar ban ajiye komai ba.

Ranar Juma'a Malama ta kafa waya ta fara ɗauka. Sau uku yarinyar tana farawa, sau uku tana tsayawa a wuri guda, inda kiɗan ke komawa kan maɓallin nan. Hannunta ya san hanya, amma abin da take gani ya saɓa da abin da ke cikin littafinta, sai yatsun su rikice. Malama ta roƙe ta har da hawaye, ta ce, "'Yata, su ba za su ga launi ba, kunne kawai gare su. Rufe ido ki wuce wurin." Ta ce, "Ko na rufe ina gani, Malama. Wata mata ce daban ke kirana." Ta sauke murfin piyanon a hankali ta shiga ɗaki. Asabar ta zo ta wuce muna zaune a gida.

Da ta yi mini rashin kunya, ko ta daina gaishe ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Yanzu tana aiki a wani shagon magani a Trikania, ran Lahadi ta kaɗa waƙoƙin sujada a coci ba kuskure ko ɗaya, kanta a sunkuye. Ba ta sake tsara kiɗa ba. Piyanon yana nan a falona, a saice tsaf, ina share masa ƙura.

Bara na sayo garin rini da farin yadi, na sayo sabuwar tukunyar ƙasa na ajiye a gabana. Sati uku ina gauraya ja da ruwan goro da ɗigon baƙi, har na fitar da ƙyallen da ni kaina ba na bambanta shi da tukunyar. Na kai mata shagon, na shimfiɗa a kan tebur a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa shi, ta ninke, ta sa a jaka.

"Ya yi kusa, Baba," ta ce. "Na gode."

A masaƙa, in aka ce launi ya yi kusa, yadin ya ɓaci ke nan. Abin da na koya, a makare, shi ne in mutum ya gaya maka abin da yake gani, ka yarda da shi ko kai ba ka gani. Kuma kafin ka sa hannu ka gyara abin wani, ka tambaye shi ko akwai abin da ya ajiye a ciki.