Aljihun da Tela Ya Ɗinka

Shekara arba'in tela yana taka keke a shagonsa na bakin titi, ba a taɓa ganin zare ya leƙo daga ɗinkinsa ba. Mutum ne mai son a gan shi tsaf. Maɓalli ɗaya ya karkace, sai ya koma gida ya sake riga.

To, tsufa ina ruwansa da kwalliya? Fitsari ya ɗaure masa, aka kai shi asibiti, aka sa masa roba da jakar da fitsarin ke taruwa, kafin ranar da za a yi masa aiki. Nas ta ja masa kunne: jaka ta zauna ƙasa da ƙugu, kullum.

Ya ce to. Amma shi, a gan shi da jaka tana reto a cinya? Ya zauna ya ɗinka mata aljihu a cikin riga, daidai ƙirji, har da shafi. Ɗinki kam ya yi kyau.

Kwana shida, da hantsi, matarsa ta same shi kife a kan keke, haƙora na kaɗawa, jiki kamar garwashi. Ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa.

A asibiti nas ta ɗaga rigar tana laluben jaka a ƙafa. Babu. Ta bi robar da yatsa, sama, sama, har ƙirji. Fitsarin ya yi duhu, wari ya cika ɗakin.

"Mama, wa ya yi wannan?"

"Wa kuwa? Gwanin."

"Fitsari ba ya hawa sama, Mama. Komawa ciki yake ta yi. Ƙwayoyin cuta sun kama mafitsara, mu roƙi Allah kada su shiga jini."

Aka sake roba, aka ɗaura masa ruwa, allura bi da bi. Likita ya ce babu maganar aiki sai zazzaɓi ya sauka, in ya sauka. Matar ta zauna kan benci, rigar a cinyarta, ta kasa ko kuka.

Sai a rana ta uku ya buɗe ido ya gane ta. Jakar na rataye a ƙarfen gado, ga 'yan dubiya cike da ɗaki. Ya miƙa hannu zai ɗauko ta ya cusa cikin bargo.

"Malam, taɓa ka gani," matar ta ce, ƙasa-ƙasa. "Su ga fitsarinka, ni dai kada su ga makararka."

Ya dube ta, ya dubi mutane. Ya janye hannun.