Na kai wa Inna muryar ɗanta

Ana sallame sallar asuba muka bar Nassarawa GRA, ni da mai gadi da kukun gidan da nake tuƙi. Ringim muka nufa, ta'aziyyar Malam Sule, mai kula da furannin gidan. Yana ban ruwa ya faɗi, tiyo na zuba a hannunsa.

Hanyar Gezawa ramuka ne, wani na miƙa ka ga wani. Mun tsaya shan koko. Ƙosan yanzu ya ƙanƙance, kuku ya ce da tabarau ake cinsa. Muka yi dariya, sai kunya ta kama mu.

A wayata akwai muryar marigayin. Yakan tsara baitoci yana aiki, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na ɗauka ne don mu yi masa dariya a majalisar direbobi. A mota na kunna:

"Mutuwa, na san ba kya sallama,
In kin zo ki same ni a ban ruwa,
Ƙasa na ƙamshi, koko na jira,
Na ga duniyar Allah, na ce madalla."

Muka wuce gonakin gero, muka shiga Ringim.

A zauren makoki na faɗa wa wan marigayin zancen muryar. Ya haɗe rai.

"Goge wannan, direba. Mamaci addu'a yake so, ba waƙar koko ba."

Ni matsoraci ne, ko canjina ban iya tambaya. Amma ranar na ƙi.

"Addu'a mun yi, Yaya, kuma za mu ƙara. Wanda ya gode wa Allah a kan koko bai yi saɓo ba. Inna ce za ta ce a goge."

Aka kai ni wurin tsohuwar, mahaifiyar marigayin, idonta ya tafi. Ta kara wayar a kunne, ta saurara har ƙarshe.

"Ja'iri," ta ce. "Tun yana yaro ba ya barin koko ya huce. Sake sa mini."

Na tura wa jikarta kafin mu taso.

La'asar sakaliya muka iso gida. Abin da na koyo: mutuwa ba ta jira, don haka ni ma na daina jira. Furanni sun yi laushi. Na ɗauki tiyon daga inda ya faɗi, na buɗe famfo.