Ni da Amalen Alhaji Ahmadu

Duk majalisar bakin kasuwar Gumel sun sha ji daga bakina, ni Mamman Tela, cewa ba a haifi dabbar da za ta gagare ni hawa ba. Raƙumi kuwa, na ce musu, jaki ne da Allah ya ƙara wa wuya. To, ga yadda muka kwashe.

Alhaji Ahmadu mai raƙuma, wanda zangonsa ke arewa da Sule Tankarkar, bakin iyaka, shi ya ba ni shadda in ɗinka masa babbar riga ta sunan jikansa. Na yi alkawarin mako biyu, na cinye wata guda. Sai ya aiko cewa suna ran Asabar ne da safe, in rigar ta makara, ɗinkin gidansa kaf ya bar hannuna. Gida mai mutum talatin! Na ce da kaina zan kai.

Alhamis: Gumel zuwa Maigatari

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na hau bayan motar 'yan kasuwa, sule uku, riga a ƙunshe cikin zane a kan cinyata. Mil ashirin bai cika ba, amma sai ƙarfe tara muka isa, don taya ta fashe sau biyu. Na ce da direba, "Maigida, ko in sauka in goya motar?" Ya ce, "Ka sauka dai, ko ita za ta ji sauƙi."

A bakin gari ɗan kwastan ya warware ƙunshin, ya daɗe yana shafa aikin wuyan. Ya ce, "Daga ina aka shigo da wannan?" Na ce, "Daga yatsuna, ranka ya daɗe." Ya ce wuce.

A kasuwar raƙuma na tarar da Agali, wani dattijon Buzu mai yi wa Alhaji kiwo. Ya kawo kanwa ya sayar, zai koma zango da amale guda, wato ƙaton namijin raƙumi, ya ce mu tafi tare. Na sha furar kwabo biyar, ƙarfe biyu muka shirya. Agali ya gurfanar da amalen, na haye sirdi, ya ce, "Tela, kwanta baya." Na ce, "Malam Agali, ba yau na fara ba." Ashe raƙumi da ƙafar baya yake fara tashi. Na wuntsila na rungume wuyansa, hulata ta yi gabas, 'yan kasuwa kamar dubu bakwai suka yi shewa.

Daga nan yashi ne da ƙaya, sai tuddan rairayi. Agali na gaba a ƙasa riƙe da akala, ni ina sama ana tankaɗe ni kamar gari. Kafin mil shida hanjina ya sauya wuri da huhuna.

Ƙarfe shida muka sauka a wata rijiya inda Buzaye suka kafa tantunan fata. Suka ba mu guda. Tanti ne wanda in ka shigar da kai, ƙafa tana waje tana gadi. Aka kawo cuku mai taurin da za a iya kafa ƙusa da shi, da shayi a kofin da bai fi hular ƙarfen da tela ke sa wa yatsa ba. Na roƙi a ƙaro babban kofi, Agali ya dube ni kamar na zagi kakansa.

Juma'a: ranar da ba na so a tuna

Ƙarfe shida na safe Agali ya ɗaura sirdi, ya ɗaure ƙunshin rigar a jiki, ya bar amalen a gurfane da igiya a gwiwarsa, ya tafi rijiya cika salka. Amalen ya dinga gurnani. Na ce a raina, igiyar nan ce ke cin bawan Allah, kuma in Agali ya dawo ya same ni a sama ni kaɗai, zancen hula ya mutu. Na durƙusa na kwance igiyar, yadda muke kwance jaki sannan mu ɗale. Ban riƙe akala ba.

Jama'a, ko jirgin sama bai kai shi saurin tashi ba. Ya miƙe, ya watsa mini yawu, ya nausa yamma da rigar Alhaji tana lilo a kwiɓinsa.

Agali ya dawo, ya dubi igiya a hannuna. Ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce, "Kuka yake yi."

Ya ce, "Tun ranar da aka haife shi yake wannan kukan."

Na ce yanzu ina ya nufa? Ya ce ko gida, ko ya tsallaka Nijar bin taguwa, wato raƙuma mace, in kuwa haka ne sai mu je mu yi wa jandarma, 'yan sandan can, bayani. Nan na ga ɗinkin mutum talatin yana tashi sama, ga shaddar mutane.

Muka bi sawu a ƙasa, mil goma sha biyar, ni da takalmin zuwa masallaci. Ƙarangiya ta mai da wandona bushiya. Da azahar ƙafata ta kumbura, da la'asar iska ta shafe sawun. Da Agali shi kaɗai ne da tuni ya isa, amma ya ce ba zai bar wa kuraye amanar Alhaji, wato ni, ba, ko da amanar ce ta jawo. Muka kwana a wata rugar Fulani, suka ba mu nono kyauta, Allah ya saka musu.

Asabar: zango

Ƙarfe goma na hantsi muka shiga, ina ɗingishi, ina haɗa kalmomin ban haƙuri. An riga an raɗa suna, an yanka rago. Sai ga Alhaji a tsakiyar baƙi, sanye da rigata, tana ƙyalli. Gefe kuma ga amalen yana tuƙa, ko kunya babu. Wai tun jiya da hantsi ya iso.

Lahadi: komawa

Aka ɗora ni a jaki zuwa Sule Tankarkar, na sami mota sule biyu, ƙarfe huɗu na yamma ina gida. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da sauran ƙasusuwana, na gode wa Agali da bai jefa ni rijiya ba.

Bayan mako uku sai ga Alhaji a shagona da sabuwar shadda. Na karɓa da hannu biyu, na ce wannan ma da kaina zan kawo. Ya ce, "A'a, Tela, zauna ka huta. In ka gama, zan turo raƙumin."