Madanni a Hannun Ɗan Fari

Lokacin da Hamdiyya take takaba a Tambuwal, Dada mai tallan nono takan ajiye mata ƙwarya a bakin ƙofa, ta ce, "Sha, baiwar Allah, hawaye ba su cika ciki." Kafin a yi godiya ta wuce kasuwa.

Bafulatana ce daga wata ruga bayan Fakku. A bayan shanu ta girma, ta haifa, ta binne wasu, ba wanda ya taɓa jin ta ce wash. Da ciwon daji ya kama ta a mama, sai ta rufe shi da zane har ɗaukar ƙwarya ta gagara.

Sambo, ɗanta na fari, ya kai ta asibiti Sakkwato. Hamdiyya ta bi su jinya, tunda matan ruga ba su barin tatsa. Aka ɗaura wa Dada wata 'yar na'ura mai zuba maganin ciwo a jijiya. Nas ta ce, "Mama, ga madanni. In ciwon ya taso, ke za ki danna, ba wani ba."

Dada ta danna a gaban mutane? Gara ta ciji gefen zane.

Sambo ya kasa kallo. Da ya ga gumi ya karyo mata, sai ya faki ido ya danna. Ciwo ya kwanta, ita ma ta kwanta. Azahar ta wuce ta, la'asar ta wuce ta, ta farka ba ta san rana ba. Kuma ba ta iya hana shi, don tun da ta haife shi ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Kunyar ɗan fari ke nan.

Hamdiyya na gani, ba ta hana shi ba. Mijinta da ihu ya cika, babu magani, don haka ba ta ga laifin yaron ba. Ga bayanta ya ƙage da kwanan tabarma.

Wata safiya Sambo ya fita sayen koko, Dada ta jawo mayafin Hamdiyya.

"Ki faɗa ma wancan yaro, ba maganin nika ƙi ba. In an kira salla, ki riƙe mai hannu har in sallame. In kuma ranar ta zo, Hamdiyya, ku bar ni da ciwona. So nika yi in ji shahada da kunnena."